Shagon Baba Ba'abzine a Fagge, inda farashi ke bin sefa

Hajiyarmu ce ta fara aikena wannan shago, yau wajen shekara bakwai ke nan. Mahaifiyarta 'yar Matamaye ce, aure ne ya kawo ta Kano tun zamanin Sarki Alhaji, kuma da ta rasu abin da ta bar wa 'yarta bai wuce wata tsohuwar tasa da son cuku ba. Ranar da Hajiya ta tashi da marmarin cuku, to babu mai sakat a gidan. Wata maƙwabciyarta ce ta yi mata kwatancen wani dattijo a cikin Fagge, ta ce duk abin da ake nema na Nijar yana da shi. Na tafi ina gunaguni, don ranar Asabar ce kuma ina da tarin takardun jarrabawar yara da ban duba ba. Yanzu ko ba a aike ni ba ina zuwa.

Shagon ba shi da allo, ba shi da suna. Mutanen layin Baba Ba'abzine suke ce wa mai shi, ni ma haka na bi. Ɗaki ne siriri, mutum biyu ba sa giftawa a cikinsa sai ɗaya ya karkace. Kantun gishiri biyu na tsaye a bakin ƙofa, dama da hagu, kamar dogarai. Daga ciki buhunan dabino ne da na busasshen tattasai, sai kwalayen taliyar Aljeriya da aka jera har rufi, sai wani akwatin ƙarfe da yake kulle cuku a ciki saboda ɓeraye. Warin wurin shi kaɗai ya isa ya gaya maka ba kantin 'yan gayu ka shigo ba: tattasai, fata, gawayi, da ɗan tsamin nono. Shi kuma Baba yana zaune a kan buzun sallarsa, murhun waya a gabansa da 'yar shuɗiyar butar shayi, rediyo a gefe, da kalkuleta wadda aka ɗaure da roba don kada batirinta ya faɗo. Wannan kalkuleta ita ce mai shagon ta gaskiya, zan zo kanta.

Ranar farko na yi katoɓara. Na leƙa na ce, "Salamu alaikum, nan ne wajen Buzu mai cuku?" Ya amsa sallamar, ya gama zuba shayinsa daga sama har ya yi kumfa, sannan ya ce, "Ba'abzine dai, ɗana." Daga baya na fahimci cewa a wurinsu kalmar tana da nauyin da mu Kanawa ba ma ji, don asalinta ta bayi ce da 'ya'yan bayi, mu kuma mun mayar da ita sunan duk mai rawani da takobi. Bai ƙara tayar da maganar ba. Amma ya rama. Da ya ji cewa ni malamin sakandare ne, sai ya washe baki ya ce, "Ashe mushe ne!" Na ɗaure fuska. Yaron shagon ya yi ta dariya kafin ya bayyana mini cewa a Nijar haka ake kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, daga Faransanci aka aro. Tun daga ranar ni ne Mushe. Da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar a watan Maris na 2025, na ce masa to yanzu sai a sauya mini suna. Ya ce, "Mushe, ai wannan ita ce Hausar tamu."

Cukun shi ne abin da ya sa nake yaba shagon, kuma a kansa ban taɓa yin da-na-sani ba. Falle-falle yake zuwa, siriri kamar kwali, da zanen karan da aka shanya shi a kai kwance a jikinsa layi-layi. Mai kyau idan ka ɗaga shi ga rana za ka ga haske na ratsa gefensa, idan ka karya ya ce ƙas, ba ya lanƙwashewa. Mu a Kano mun saba cewa cukun raƙumi, amma Baba ya ce nonon raƙumi ba ya kamuwa da sauƙi, na shanu ne da na awaki ake yi da shi. Yana ware su, kuma ba ya cakuɗa tsoho da sabo. Na akuya ya fi tsami da ƙarfin ƙamshi, shi Hajiya take so. Takan ɗan gasa shi a kan garwashi har ya fara kumbura, ta ci da shayi. Ko kuma ta daka shi da gero da dabino, ta dama da ruwan randa, ta ce haka uwarta ke yi musu idan zafi ya tsananta. Kofi ɗaya na wannan zai riƙe ka daga hantsi har la'asar.

Cuku yana da lokacinsa. Daga ƙarshen damina zuwa kaka, lokacin da makiyaya ke haɗuwa a wajen Ingal dabbobi su sha ruwan gishiri, nono na yawa, cukun na zuwa da maiƙo kuma da sauƙi. Da bazara kuwa sai wanda aka ajiye, ya bushe ƙamas, ya yi tsada. Baba zai gaya maka gaskiya idan ka tambaya. Idan ba ka tambaya ba, ba zai ce komai ba.

Gishirin kuma na Balma ne, iri biyu. Kantun da ke bakin ƙofa na dabbobi ne, launinsa toka-toka, ana zuba shi a cikin ƙwaryar gungumen dabino ya daskare, shi ya sa yake da wannan siffa. Na taɓa sayen ɓari guda don ragon layya, ya lashe shi har ya yi masa rami. Na miya shi ne beza, fari, tsakuwa-tsakuwa. Matata ta ce ya fi na leda ɗanɗano a miyar kuka, ni dai harshena bai kai nan ba, kuma na gaya mata kada ta bar na leda gaba ɗaya saboda sinadarin da ake sa masa na hana maƙoƙo.

Abin da ya fi burge ni game da gishirin shi ne hanyar da ya biyo. Daga duwatsun Abzin ayari ke tashi bayan damina, ya ratsa hamadar Tenere inda babu inuwa babu ciyawa, sai raƙumi ya ɗauki harawarsa a bayansa, a yada zango a Fashi, a ƙarasa Balma. A can a ba da gero a karɓi gishiri da dabino, a juyo, sannan a gangaro kudu ta Damargu da Damagaram har ƙasar Kano, a sayar a sayi hatsin baɗi. Baba ya yi wannan tafiya sau biyu yana saurayi, da kawunsa. Yau manyan motoci ne ke ɗaukar mafi yawan kayan, amma ayarin bai mutu ba. Kuma Fagge ɗin nan da muke zaune muna shan shayi, asalinta zangon irin waɗannan ayarin ne a bayan ganuwa. A cikin birni ga unguwar Agadasawa, sunanta ya faɗi daga ina mutanenta suka zo. Rawanin da Baba ke naɗawa ranar sallah, baƙin turkuɗi mai sheƙi da ke shafa shuni a goshi, a Kura aka rina shi aka buga. Wato gishirinsu a miyarmu, shuninmu a fuskarsu, tun kafin Turawan Ingila da na Faransa su zo su kafa duwatsun iyaka tsakanin 1906 da 1908. Ina koya wa ɗalibaina cewa har lanƙwasa layin aka yi don Faransawa su sami hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram, wadda ita ce hedikwatar mulkinsu kafin su mayar da ita Yamai a 1926. A haka kakata ta zama 'yar wata ƙasa, mijinta ɗan wata, alhali tsakanin Matamaye da Daura ba wata tafiya ba ce.

To, ga inda muka saɓa da Baba. Azumin 2024, wanda ya kama cikin watan Maris, na sayi dabino kwano uku, ɗan Balma busasshe da ɗan digila na Aljeriya kaɗan don baƙi. Ɗan Balman daga waje lafiya ƙalau. Ranar uku ga azumi, an kira sallah, ƙaramar 'yata ta ɓare ɗaya ta yi ihu ta yar. Cikinsa gari ne baƙi da tsutsa. Muka zauna muka ɓare na kwano guda a faranti, kusan rabi haka yake. Washegari na koma da shi a leda, raina a ɓace, ga ƙishirwa. Yaron ya fara cewa ai dabino ya gaji haka. Baba ya daka masa tsawa, ya karɓi ledar, ya ɓare biyu, ya yi shiru. Sannan ya ce, "Mushe, wannan kayan wata biyar ya yi a ɗaki a Damagaram yana jiran hanya."

Ban musa masa ba, don kowa ya san abin da ya faru. Sojoji sun hamɓarar da Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Nijeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wutar lantarki, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke sha daga nan take zuwa. Motoci suka yi layi a Jibiya, Illela, Maigatari da Kwangwalam, albasa ta ruɓe a cikinsu. Ba a ɗage takunkumin ba sai ranar 24 ga Fabrairu 2024, iyakar kuma sai cikin Maris aka buɗe. Ɗan abin da ke shigowa a tsakani ta ɓarauniyar hanya yake biyowa, a kan babura da amalanken shanu, kowane shinge da kuɗinsa. Duk na yarda. Abin da ban yarda da shi ba, kuma na gaya masa a gaban idonsa, shi ne mutumin da ya san kayansa sun yi wata biyar a ɗaki ya san abin da ke cikinsu. Da ya ce mini, "Wannan tsoho ne, ka duba," da na saya da saninsa ko na bari. Ya musanya mini kwano biyu, na ukun ya ce mu raba asara. Na karɓa, amma har yau ba na sayen dabino a wurinsa sai na ɓare biyar daga ƙasan buhu, ba daga sama ba. Kai ma ka yi haka. Ba ya jin haushi, ko kuma yana ji yana ɓoyewa a cikin rawani.

Sai maganar kalkuleta. A wannan shago babu farashin jiya. Ka tambayi kuɗin cuku, Baba ba zai amsa ba sai ya tura yaro ko ya buga waya Wapa, wajen 'yan canji, ya ji yadda sefa, kuɗin Nijar, ta kwana. A ransa da sefa yake lissafi: dala ɗaya sefa biyar ce, dala ashirin ita ce sefa 100, jaka guda kuma 1,000. Sai ya gama wannan ya danna kalkuleta ta juya masa zuwa naira. Da farko na ɗauka wayo ne. Da na zauna na yi lissafin da kaina sai na ga ba laifinsa ba ne. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. Naira ce ke rawa. Na tuna lokacin da jaka guda ba ta wuce naira 300 da 'yan kai ba. Bayan an saki naira a 2023 ta haura 2,000. Cukun bai ƙara ko dala ɗaya a garin Abalak na Nijar ba, amma a Fagge ya ninka ya sake ninkawa. Baba ya ce ya ga akasin haka a Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi dare ɗaya, Kanawa suka riƙa kwasar dabbobin Nijar kamar kyauta. "Ranar nan ba ku yi kuka ba," in ji shi.

Duk da haka ina da ƙorafi. Kalkuletar tana saurin hawa, tana nawar sauka. Ranar da sefa ta tashi, kafin azahar farashi ya bi ta. Ranar da ta faɗi, sai ka ji ana cewa ai wannan kayan tun da tsada aka saro shi. Wannan kam ba halin Abzinawa ba ne kawai, na san 'yan kasuwar Singa da suka fi shi iyawa.

Wata rana na kawo masa taswirar da nake koyarwa da ita, don yaron shagon ya ce bai taɓa ganin ƙasarsu a takarda ba. Muka shimfiɗa ta a kan buhun tattasai. Ƙasa ce mai faɗin murabba'in kilomita 1,267,000, ta fi Nijeriya girma, amma wajen kashi huɗu cikin biyar hamada ne, mafi yawan mutanen sun taru a ɗan zirin kudu da ke manne da mu. Maƙwabta bakwai, babu ko taku ɗaya na bakin teku. Na nuna wa yaron Kwatano, a gaɓar tekun Benin, na ce daga nan shinkafarku da magungunanku ke sauka, su yi tafiyar kimanin kilomita 1,000 kafin su kai Yamai, ta gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya. Da aka rufe gadar sai aka koma Lome, a ratso Burkina Faso da rakiyar sojoji saboda 'yan bindiga, kowane kwana a hanya kuɗi ne da mai cefane zai biya. Baba ya saurara, sannan ya ɗora yatsa a kan Kano ya ce, "Wannan na mutanen Yamai ne. Mu na Damagaram da Maraɗi da Agadas, tekunmu ga ta nan." Ya lissafa kasuwannin Kano da yatsu: Dawanau, Singa, Kwari, Sabon Gari. Su kawo wake, aya, riɗi, albasa da raguna, su koma da masara, atamfa, robobi da siminti. Shekara goma sha tara ina koyar da labarin ƙasa, ban taɓa yi wa yara bayanin da ya kai wannan ba.

Arzikin ƙarƙashin ƙasa kuwa, Baba ba ya son hirarsa. Ƙaninsa ya yi aiki a mahaƙar yuraniyom ta Akokan, kusa da Arlit, har aka rufe ta a ƙarshen Maris 2021 bayan ta haura shekara arba'in ana haƙa. Daga 1971 an shafe shekara hamsin da 'yan kai ana kwasar wannan ma'adini daga Arlit ana kai wa Faransa tana kunna wuta, su kuma garuruwan da ke kewaye da fitilar hannu suke kwana. Ƙanin yanzu yana can wajen masu neman zinariya. Man fetur ma haka: an buɗe matata kusa da Damagaram a 2011 mai tace ganga 20,000 a rana, an ja bututu na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, aka fara lodi a 2024, rigimar iyaka ta sa aka yi ta tsayawa ana tashi. Ko man da Allah ya ba ka, sai maƙwabci ya buɗe maka ƙofa kafin ka kai shi kasuwa.

Shi kansa fari ne ya koro shi. Raƙumansu da awakinsu sun ƙare a yunwar 1984, wadda a can suke kira El Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar da gwamnatin soja ta lokacin ta yi, hatsin Nijeriya ya daina shiga. Sai da aka buɗe a zamanin Babangida ya shigo Kano, ya yi gadi a Bompai shekara da shekaru, ya yi shayi, ya tara ya kama wannan ɗaki. Idan na ji yara a unguwarmu suna tsokanar mai ga-ruwa ko mai gyaran takalmi da "ɗan Nijar," sai in tuna cewa rabin ragunan da ake yankawa a layinmu ranar layya, balami da uda, da irin wannan Hausar aka kiwata su.

Sauran kayan ba sai na daɗe a kansu ba. Busasshen tattasan Diffa yana da kyau ƙwarai, ja wur, yana rina miya ba tare da yaji mai yawa ba, sai dai a wanke shi sosai don akwai yashi. Albasar Galmi takan zo jefi-jefi, kuma ta fi sauƙi a 'Yan Kaba. Taliyar Aljeriya ba ta caɓewa, amma a duba kwanan watan da ke jikin leda. Kilishin da yake kawowa ban ga abin da ya fi na Agadasawa da shi ba, ga shi ya sha hanya, ni dai na daina saye.

Babu na'urar cirar kuɗi, tiransifa kuma sai ta asusun yaron, idan babu sabis ka zauna ka sha shayi. Shayin kofi uku ne, kuma tashi bayan na farko rashin ladabi ne, don haka kada ka je kana sauri. Ana rufewa da azahar har bayan la'asar, ranar Juma'a kuma sai yamma. Idan ya tafi gida da damina, yakan yi wata biyu, yaron ne ke zama, kuma awon yaron bai kai na Baba cika ba. Ka sa ido a kan kwanon, ka ce ya yi masa tozo.

Makon jiya na tambaye shi ko jirgin ƙasan da ake ginawa daga Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, zai rage masa wahala. Ya ce Maraɗi ba hanyarsa ba ce, kayansa ta Kwangwalam suke shigowa, amma in Allah ya nuna masa zai hau ko sau ɗaya ya ga Kazaure ta taga. Na ba shi kuɗin ajiya na cukun kaka, na akuya, don Hajiya ta riga ta fara tambaya. Naira na miƙa masa. Ya danna kalkuleta, ya jawo littafinsa, ya rubuta a gaban sunana: Mushe, jaka biyar.